Kalmomin Nazarin Adabin Hausa: Yadda Ɗalibi Zai Kama Su Mataki-Mataki

Da yawa daga makin da ɗalibai ke zubarwa a takardar Hausa ta WAEC da NECO da JAMB, a ɓangaren adabi yake zubewa. Ɗalibi ya karanta littafin, ya ma haddace waƙar, amma aka ce ya kawo misalin siffantawa sai ya kawo na kamantawa, aka tambaye shi jigo sai ya zauna yana ba da labarin abin da ya faru. Kalmomin nazari kayan aiki ne, wanda ya haddace ma'anarsu bai taɓa ɗora su a kan baiti ba bai san su ba tukuna. Don haka wannan jagora za ta bi ta kan gajeruwar waƙa guda ɗaya da aka tsara domin darasin, a feɗe ta gaɓa-gaɓa, kowace kalma ta fito a inda ake bukatarta.

Mataki na farko: tanadi littafin kalmomi

Ka sami littafin rubutu guda, ka raba kowane shafi gida huɗu. Gida na farko kalmar, na biyu ma'anarta da bakinka cikin layi ɗaya ko biyu, na uku misali daga waƙa ko labarin da kake karantawa a aji, na huɗu kuma kalmar da ake yawan rikita ta da ita. Wannan gida na huɗu shi ne mafi amfani, shi ne kuma ɗalibai suka fi bari babu komai. Kada kalma ta shiga littafin sai da misali. Kalmomi biyar a mako sun isa. A zangon karatu ɗaya za ka tara kusan sittin.

Mataki na biyu: san gidan da kowane abu yake

Adabin Hausa kashi biyu ne: na gargajiya, wanda ake kira adabin baka, da na zamani, wato rubutacce. Kowannensu yana da rassa uku: waƙa, zube da wasan kwaikwayo. Zube shi ne duk zancen da aka shimfiɗa ba bisa awon waƙa ba. Tatsuniya zube ce ta baka, ƙagaggen labari zube ne rubutacce. Tashe da yara ke yi a watan azumi wasan kwaikwayo ne na gargajiya.

A zuben baka akwai 'yan gida ɗaya da suke kama da juna. Tatsuniya ƙirƙira ce, kowa ya san ba ta faru ba, tana da mabuɗinta, “Ga ta nan, ga ta nanku,” da marufinta, “Ƙurunƙus kan kusu,” kuma a cikinta ake samun Gizo da Ƙoƙi da Dodo. Ƙissa labarin annabawa ne da sahabbai da bayin Allah. Hikaya labari ne mai koyar da darasi, da yawa daga littattafan Larabci suka shigo. Tarihihi kuwa tarihi ne da aka yi wa gishiri, kamar labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Almara takan ƙare da tambaya mai ɗaure kai da za a bar wa masu sauraro su warware.

Sai gajerun maganganun azanci: karin magana, kirari, take, zambo, habaici, kacici-kacici, baƙar magana. Biyu-biyu ake rikita su. Kirari da baki ake yin sa, kamar “Kano tumbin giwa” ko “Katsina ɗakin kara”. Take kuwa da kayan kiɗa ko busa ake yin sa, wanda ya san shi yana jin kalangu ya gane da wa ake. Zambo a fili yake muzanta mutum, ya zana kamanninsa ko halinsa yadda ba a bukatar tambaya. Habaici a lulluɓe yake, mai kaza a aljihu ne kawai zai ji tsoron “as”.

Mataki na uku: ƙirga kafin ka fassara

Ga waƙar da za mu yi aiki da ita:

Manomi, ruwa ya zubo tun jiya,
Ka ɗauko irin nan, ka bar tambaya.

Ƙasa ta yi laushi kamar auduga,
Tana miƙa hannu ga mai zuciya.

Hatsi garkuwa ce a ranar fari,
Da shi ne gida ke zama lafiya.

Rago ya yi barcin wata goma cur,
Da kaka ta zo babu ko tsintsiya.

Kafin ka tambayi kanka me waƙar ke nufi, ɗauki fensir ka yi ƙirga. Kowane layi guda sunansa ɗango. Rukunin ɗangayen da suka tsaya wuri ɗaya shi ne baiti. Wannan waƙa tana da baiti huɗu, ɗango takwas. Tunda kowane baiti ɗango biyu ne, sai a ce waƙar 'yar ƙwar biyu ce, wasu su ce 'yar tagwai. Mai ɗango ɗaya gwauruwa ce, sannan ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Wannan duka yana ƙarƙashin abin da ake kira zubi da tsari.

A nan akwai tarko. Ba kowace 'yar ƙwar biyar ce tahamisi ba. Tahamisi shi ne wani mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku nasa a sama, ya zama biyar. Malaman zamanin jihadi da na bayansu sun yi wannan sosai ga waƙoƙin magabatansu. In mutum ɗaya ne ya tsara ɗangayen biyar tun farko, ƙwar biyar ce kawai.

Daga nan ka duba ƙarshen baitoci. Tambaya, zuciya, lafiya, tsintsiya: duk da “ya” suka ƙare. Wannan shi ne amsa-amo, ko ƙafiya. Wanda ke maimaituwa a ƙarshen kowane baiti daga farkon waƙa har ƙarshenta shi ne babban amsa-amo, ko na waje. Ƙaramin amsa-amo, ko na ciki, yana tsakanin ɗangayen baiti guda kuma yana iya sauyawa daga baiti zuwa baiti. A 'yar ƙwar biyar za ka ga ɗango huɗu na farko sun ƙare da sauti ɗaya, na biyar ya koma ga babban. In za ka rubuta amsa, gaɓar za ka rubuta, “ya”. Masu rubuta “a” kawai sun faɗi, domin kalmomin Hausa da yawa da wannan wasali suke ƙarewa.

Ka kuma duba ko akwai mabuɗi da marufi. Waƙoƙi da yawa da sunan Allah da salati suke farawa, su rufe da godiya, da sunan mawaƙin, wani lokaci da ramzi, wato shekarar da aka yi waƙar a dunƙule cikin haruffan hisabi. Tamu ba ta da ko ɗaya, kai tsaye ta faɗa cikin zance. Faɗin haka ma amsa ce.

Mataki na huɗu: auna waƙar

Wannan ne matakin da ɗalibai ke gudu, alhali lissafi ne mai sauƙi in an san gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce. Baƙi da gajeren wasali, kamar “ka”, gaɓa ce marar nauyi. Baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar “ɗau”, mai nauyi ce. Baƙi da wasali da wani baƙin, kamar “tun”, ita ma mai nauyi ce. Ana sa wa marar nauyi alamar v, mai nauyi kuma alamar –.

Matsalar ita ce rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. “Fari” na launi da “fari” na “ɗan fari” iri ɗaya ake rubuta su, alhali fa ta farko gajera ce, ta biyun ta ja. Saboda haka ido ba ya auna waƙa. Sai ka furta kalmar a hankali, ka ji inda murya ta ja. Ka ce “manomi”: ma gajera ce, no ta ja, mi ta ja. Awonta v – –. Ka ce “kasuwa”: ka ta ja, su gajera, wa ta ja, wato – v –.

Yanzu ka yanka ɗango na farko:

ma-no-mi | ru-wa-ya | zu-bo-tun | ji-ya
v – – | v – – | v – – | v –

Kowane yanki sunansa ƙafa. Ka lura ƙafa ba ta bin iyakar kalma: “ruwa” da “ya” sun haɗu a ƙafa ɗaya, a ɗango na uku kuma “auduga” ta tsage biyu, “au” ta tafi tare da “kamar”, “duga” ta tsaya ita kaɗai. Gaɓar ƙarshen ɗango ana ɗaukarta mai nauyi ko da gajera ce a magana, shi ya sa “jiya” ta zama v –. Ƙafar v – – ita ce fa'ulun, kuma maimaita ta shi ke ba da karin Mutaƙarab. Da ƙafar – v – ce ake maimaitawa, wato fa'ilun, da Mutadarak ke nan.

Wannan ilimi sunansa aruli, daga Larabawa aka aro shi. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya fitar da karuruwa 15, masani Ahfash ya ƙara na 16, wato Mutadarak. Ba dukkansu marubutan Hausa suka fi amfani da su ba. Waɗanda za ka fi cin karo da su su ne Mutaƙarab, Mutadarak, Kamil, Basiɗ, Wafir, Ramal da Rajaz. In ka auna ɗango ka ga wata ƙafa ta ɗan sauya, kada ka yi saurin cewa waƙar ta karye. Akwai sauye-sauyen da aruli ya yarda da su, ana kiransu zihafi da illa. Ƙafar ƙarshe ta ɗangayenmu, da ta rage zuwa v –, irin wannan ce. Ka auna aƙalla ɗango huɗu kafin ka yanke hukunci, domin ɗango ɗaya yana iya yaudararka.

Kalmar “kari” kanta tana bukatar shafi guda a littafinka. Karin waƙa shi ne awon da muka gama yi. Karin magana kowa ya san shi. Karin harshe shi ne bambancin Hausar wuri da wuri, kamar Sakkwatanci da Kananci da Katsinanci da Zazzaganci. Karin sauti kuma hawa da saukar murya ne a kan gaɓa. Duk huɗun da “k” marar lanƙwasa ake rubuta su. Wanda ya rubuta “ƙarin magana” ya koma zancen daɗi a kan magana.

Mataki na biyar: fito da jigo

Jigo shi ne saƙon da aka gina aikin a kansa, kuma a kalma ɗaya zuwa biyar ake faɗinsa: wa'azi, yabo, soyayya, gargaɗi, siyasa, ta'aziyya, madahu (yabon Annabi). Jigon waƙarmu zaburarwa ne a kan noma. In amsarka ta kai layi biyar tana cewa “mawaƙin ya ce ruwa ya zubo, sannan ya ce ƙasa ta yi laushi”, to ka bar jigo ka shiga warwarar jigo, wato bin waƙar daki-daki ana nuna yadda kowane baiti ya taimaka wa saƙon. Tambayoyi ne daban, makinsu daban.

Hanyar gano shi: nemi furucin jigo, wato wurin da mawaƙi ya faɗi manufarsa da bakinsa. Sau da yawa yana cikin baitocin farko bayan mabuɗi, ko a amshi. A nan baiti na ɗaya ne, inda aka ce wa manomi ya ɗauko iri. Sai ka gwada jigon da ka zaɓa a kan kowane baiti. In ka ce jigon “lalaci” ne, baiti na huɗu kaɗai zai amsa, ukun farko su ƙi. Wannan ya nuna kushe lalaci ƙaramin jigo ne, haka ma amfanin tanadin hatsi da ke baiti na uku.

Mataki na shida: adon harshe

Salo shi ne hanyar da aka bi aka isar da jigo. Yana da faɗi: zaɓen kalmomi, aron kalmomin Larabci ko Turanci, tsofaffin kalmomi, karin harshen mawaƙi, ginin jimla, da adon harshe. Na ƙarshen nan ne aka fi tambaya.

“Ƙasa ta yi laushi kamar auduga” kamantawa ce, shaidarta kalmar “kamar”. 'Yan'uwanta su ne tamkar, awa, sai ka ce. Wannan kamancen daidaito ne. In aka ce “ta fi auduga laushi” ya zama na fifiko, in aka ce “auduga ba ta kai ta ba” ya zama na kasawa.

“Hatsi garkuwa ce” siffantawa ce. An ɗauki hatsi an ce shi ne garkuwar kai tsaye, babu “kamar” a tsakani. Gwajin da ba ya kuskure: ka saka “kamar” a cikin jimlar, in ta zauna daram ta koma kamantawa, to asalinta siffantawa ce.

“Tana miƙa hannu ga mai zuciya” mutuntarwa ce, domin ƙasa ba ta da hannu, an ba ta aikin mutum. Mutuntarwa ɗaya ce daga rassa uku na jinsintarwa. Sauran su ne dabbantarwa, a ba mutum ko wani abu halin dabba, da abuntarwa, a ba mai rai halin abu marar rai, kamar a ce tsoho ya yi tsatsa. A nan ma ana tuntuɓe. “Audu zaki ne” siffantawa ce, ko da yake an ambaci dabba. “Audu ya yi ruri, ya girgiza geza” ita ce dabbantarwa, domin aikin zaki aka ɗora masa ba tare da an kira sunan zakin ba. Ka duba aikatau, a can jinsintarwa ta fi ɓuya.

“Barcin wata goma” kambamawa ce, an zuzuta abu ya wuce yadda hankali zai ɗauka. Kalmar “cur” da ta biyo baya amsa-kama ce, irin su fat, wuluk, tsaf, ƙirin, masu ƙarfafa ma'ana. Amsa-kama aji ne na kalma a nahawu, amsa-amo kuwa na ƙarshen baiti ne; sunayen ne kawai suka yi kama, ka haɗa su a gida na huɗu na littafinka.

Alamtarwa ita ce a ambaci abu ana nufin wata ma'ana da al'umma ta san shi da ita, kamar tsintsiya a matsayin haɗin kai, ko rawani a matsayin sarauta. Amma ka yi hattara: tsintsiyar da ke baitinmu na ƙarshe ba haɗin kai take nufi ba, ana nuna rago bai sami ko abu mafi araha ba. Muhallin kalma ke tabbatar da alama. Ɗalibin da ya haddace “tsintsiya alamar haɗin kai” zai faɗa wannan rami da ƙafa biyu.

Saura biyu da ba su fito a waƙar ba. Sabi-zarce shi ne jimla ta ƙi ƙarewa a ƙarshen ɗango, ta tsallaka na gaba kafin ma'ana ta cika. Karangiya, ko gagara-gwari, maimaita baƙaƙe masu kama ne har harshe ya sarƙe, irin “ƙato ya ƙwace ƙoton kwaɗo”.

Mataki na bakwai: in waƙar ta baka ce, sauya kalmomi

Kada ka ɗauki kayan aikin rubutacciyar waƙa ka shiga da su waƙar makaɗa yadda suke. A waƙar baka ana cewa ɗan waƙa, jam'i ɗiya, a maimakon baiti, kuma tsawonsu ba ya daidaita, wani layi biyu wani goma. Abin da 'yan amshi ke komawa kansa bayan kowane ɗa shi ne gindin waƙa. Masana da yawa suna kiran jigonta turke, ƙananan saƙonnin da aka gina ta da su, kamar yabo da zuga da zambo da habaici, su ne tubalai. Ana so ka faɗi rukunin makaɗin, na fada ne ko na jama'a ko na sana'a ko na maza, da abin kiɗansa: kotso, taushi, kalangu, kuntigi, gurmi, goge, garaya. Ba a tilasta mata karin aruli, kiɗa ne ke riƙe da awonta.

Mataki na takwas: labari da wasa

A ƙagaggen labari jigo da salo suna nan yadda suke. Abin da ya ƙaru shi ne taurari, wato mutanen cikin labarin. Babban tauraro shi ne wanda labarin ke zagaye da shi daga farko zuwa ƙarshe, ko da mugu ne. Ɗalibai sukan zaɓi mutumin kirki su bar wanda aka gina labarin a kansa. Gwaji: cire shi a zuciyarka, in labarin ya rushe shi ne. Zubi a nan yana nufin yadda aka ƙulla al'amura, wanne ya jawo wanne, ko an miƙe ne daga farko, ko an waiwaya baya, ko an saka labari cikin labari. Marubuci daban, mai ba da labari daban: in tauraro yana cewa “na tafi, na gani”, bakinsa ne, kada ka rubuta cewa marubucin ne ya tafi.

Rubutaccen wasan kwaikwayo ana raba shi kashi-kashi, kowane kashi a raba shi fitowa-fitowa. Ana sauya fitowa in wuri ko lokaci ya sauya. Bayanin da ake sakawa cikin baka biyu, mai nuna shiga da fita da motsin ɗan wasa, umarni ne ga masu wasa, ba a furta shi a dandamali.

Mataki na tara: rubuta amsa

Kowace amsa a kan adon harshe ƙafa uku take tsayawa a kai: sunan abin, misalin daga matani kalma da kalma, da aikin da ya yi a wurin. Ga yadda za ta kasance: “Akwai siffantawa a baiti na uku, inda mawaƙi ya ce ‘Hatsi garkuwa ce a ranar fari’. Ya mai da hatsi garkuwa don ya nuna shi ke kare gida daga yunwa yadda garkuwa ke kare mayaƙi daga kibiya.” Mai suna ba misali ba ya samun cikakken maki, mai misali ba bayani ma haka.

Ka karanta kalmar umarni da kyau. “Kawo” ko “lissafa” jeri kawai ake so. “Bayyana” na bukatar ma'ana da misali. “Bambanta” na bukatar ka ajiye abu biyu gefe da gefe ka nuna inda suka rabu, ma'anar kowanne shi kaɗai ba ta wadatar ba. Sannan ka kiyaye lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ: ɗango, ƙafiya, ƙafa, gaɓa, mabuɗi. Mai duba takarda yana rage maki a kan ƙa'idojin rubutu ko da bayanin ya yi daidai.

Don gwaji, ka ɗauki baiti huɗu na farko na waƙar da aka sa muku a manhaja, ka bi da su ta mataki na uku zuwa na shida a zama ɗaya, da fensir, kana rerawa a bayyane. Inda awo ya ƙi fita, ka sake furta kalmar a cikin jimlar magana ta yau da kullum, galibi wani wasali ne ka ja alhali gajere ne.